Lahore da Amritsar: yadda iyakar 1947 ta sauya makomar birane biyu na Punjab

Lahore da Amritsar birane ne biyu da ke yankin Punjab, a kudancin nahiyar Asiya. Lahore na cikin Pakistan, Amritsar na cikin Indiya, kuma tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita 50 ce, wato ba ta kai tafiyar Maradi zuwa Katsina ba. Harshen gida ɗaya ne, Punjabi. Abinci da tufafi da yanayin ƙasa duk kusan iri ɗaya ne. Har zuwa watan Agusta na 1947 a lardi guda suke, ƙarƙashin mulkin Ingila.

Yau Lahore ta ninka Amritsar yawan jama'a kusan sau goma, kuma ta fi ta manyan tituna da jami'o'i da masana'antu. Sai dai idan aka koma kan abin da ya shafi gida, kamar rayuwar jarirai, tallafin abinci da kuɗin wuta, ɓangaren Indiya ne ke gaba a ma'aunai da dama. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da iskar da ake shaƙa kuwa matsala ce da ta haɗa su duka biyun.

Asalin biranen biyu

Lahore tsohon birni ne a gaɓar kogin Ravi, wanda ya haura shekara dubu. Ta yi suna a zamanin sarakunan Mughal. Sarki Akbar ya mayar da ita fadar mulkinsa daga tsakiyar shekarun 1580 zuwa 1598. A zamanin Shah Jahan aka yi lambun Shalimar da masallacin Wazir Khan, sannan Aurangzeb ya gina masallacin Badshahi tsakanin 1671 da 1673. Hukumar UNESCO ta sanya ganuwar fadar Lahore da lambun Shalimar cikin kayan tarihi na duniya a 1981.

Amritsar ba ta kai Lahore daɗewa ba. Guru Ram Das, jagora na huɗu na addinin Sikh, shi ya kafa ta a shekarun 1570, a kewayen wani tafki da garin ya ci sunansa. A tsakiyar tafkin aka gina Harmandir Sahib, wurin ibada mafi daraja ga mabiya Sikh, wanda duniya ta sani da Gidan Ibada na Zinariya.

Sarki Ranjit Singh ne ya ɗaure biranen biyu wuri guda. Ya ci Lahore a 1799 ya mayar da ita babban birnin daularsa, ya kuma lulluɓe saman Harmandir Sahib da zinariya. A zamaninsa Lahore ce gidan sarauta, Amritsar kuma kasuwa: masaƙa daga Kashmir na saƙa mayafan ulu, fatake na kawo busassun ƴaƴan itace daga Afganistan. Turawan Ingila sun karɓe Punjab a 1849, suka shimfiɗa layin dogo tsakanin garuruwan biyu a 1862. A Amritsar ne, ranar 13 ga Afrilu 1919, sojojin mulkin mallaka suka buɗe wuta kan taron jama'a a filin Jallianwala Bagh; hukuma ta ce mutum 379 suka mutu, ƴan ƙasar kuma suka ce adadin ya fi haka nesa. A Lahore kuma, cikin watan Maris na 1940, jam'iyyar Musulmi ta zartar da ƙudurin da ya kai ga kafa Pakistan.

Rabuwar 1947

Ƙidayar 1941 ta nuna Lahore na da mutum kimanin 670,000, Amritsar kimanin 390,000. Wato Lahore ba ta ko ninka maƙwabciyarta sau biyu ba. Musulmi ne mafi rinjaye a Lahore, amma yawancin shaguna da bankuna na hannun Hindu da Sikh. A Amritsar kuwa Musulmi sun kusa rabin mazauna gari, kuma su ne ƙashin bayan saƙa da sauran sana'o'in hannu.

Wani lauyan Ingila, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa zuwa Indiya ba kafin lokacin, shi aka ba aikin shata iyaka cikin makonni biyar. An bayyana layinsa ranar 17 ga Agusta 1947, ya bi ta tsakanin biranen biyu. Mutum wajen miliyon 14 zuwa 15 ne suka bar gidajensu a faɗin yankin, kuma ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga dubu ɗari biyu zuwa miliyon biyu. Kusan duk Hindu da Sikh sun fice daga Lahore, kusan duk Musulmi sun fice daga Amritsar.

Asarar ba iri ɗaya ba ce. Lahore ta rasa attajirai da wasu cibiyoyi, irin su bankin Punjab National Bank da ya koma Delhi da jaridar The Tribune, amma ta ci gaba da zama babban birnin lardi, ƴan gudun hijira kuma suka cike gurbin waɗanda suka tafi har da ƙari. Amritsar ta rasa ma'aikatanta da kasuwanninta na yamma, yawan jama'arta ya ragu a ƙidayar 1951. Ba a kuma ba ta kujerar mulki ba: saboda kusancinta da iyaka, gwamnatin Indiya ta gina sabon birni, Chandigarh, a shekarun 1950, bisa zanen Le Corbusier.

Yaƙe-yaƙen 1965 da 1971 sun ƙara tsoratar da masu zuba jari. Bayan haka rikicin ƴan awaren Sikh ya biyo baya. A watan Yuni na 1984 sojojin Indiya suka kutsa harabar Harmandir Sahib, a watan Oktoba kuma masu tsaron firaminista Indira Gandhi suka kashe ta. Jahar ba ta samu kwanciyar hankali ba sai farkon shekarun 1990, kuma kafin nan masaƙu da yawa sun rufe ko sun ƙaura.

Yawan jama'a da faɗin gari

Ƙidayar Pakistan ta 2017 ta ba Lahore mutum miliyon 11.1, ta 2023 kuma miliyon 13, wato kusan rabin al'ummar Nijar gaba ɗaya. Ita ce birni na biyu a ƙasar bayan Karachi, kuma fadar lardin da ke da mutum sama da miliyon 127. Amritsar na da mutum miliyon 1.1 a ƙidayar 2011, kusan daidai da Yamai a ƙidayar 2012. A jaharta ma Ludhiana ta fi ta jama'a. Indiya ta ɗage ƙidayar da ya kamata ta yi a 2021, don haka alƙaluman 2011 ne na hukuma da ake aiki da su.

Akwai abin lura wajen karanta waɗannan alƙaluma. Tun 2017 ana lissafa dukkan gundumar Lahore, mai faɗin murabba'in kilomita 1,772, a matsayin birni, har da ƙauyukan da gari ya haɗiye. Alƙaluman Amritsar kuwa na yankin magajin gari ne kaɗai, wanda bai kai murabba'in kilomita 200 ba. Duk da haka tazarar ta gaske ce.

Lahore ta bazu ne musamman kudu da kudu maso gabas, inda gonaki suka koma unguwannin masu hali da kamfanoni ke yankawa suna sayarwa. Mafi shahara ita ce DHA, wadda ke ƙarƙashin kulawar soja. Talakawa kuwa na cunkushe a tsohon gari da arewacinsa, da unguwannin da aka gina ba bisa tsari ba, waɗanda ake kira katchi abadi. A 2020 gwamnati ta ƙaddamar da shirin gina sabon birni a gaɓar Ravi, manoma suka kai ƙara kotu kan karɓe musu gonaki. Amritsar ma na da unguwannin da ba su da izini a gefen gari, da tsohon gari mai lunguna matsattsu, amma matsin neman muhalli bai kai na Lahore ba, domin haihuwa ta ragu kuma matasa da yawa na ficewa waje.

Abin da kowane gari ke ci da shi

Tattalin arzikin Lahore ya haɗa fannoni da yawa: ma'aikatun gwamnatin lardi, saƙa da ɗinki, ƙarfe, magunguna, sarrafa abinci, ɗab'i, gidajen talabijin da kamfanonin kwamfuta. Titin mota na M-2 da aka buɗe a 1997 ya haɗa ta da Islamabad. Hubbaren waliyyi Ali Hujwiri, wanda ake kira Data Darbar, na tara masu ziyara dare da rana, kuma a Raiwind, kusa da birnin, cibiyar ƴan Tablig take, inda ake taron shekara-shekara da ke karɓar baƙi daga ƙasashe da yawa.

Amritsar ta fi dogara da ziyara. Harmandir Sahib na karɓar dubban baƙi kowace rana, kuma ɗakin girkinsa, da ake kira langar, na ciyar da dubun-dubatar mutane kyauta a kullum ba tare da tambayar addininsu ba. Otal-otal, gidajen abinci, masu adaidaita da masu sayar da tsaraba duk a kan waɗannan baƙi suke ci. Bayan ziyara akwai cinikin shinkafar basmati, barguna, mayafai da sauran abin da ya rage na saƙa. A 2003 gwamnatin tarayya ta ba jahar Himachal Pradesh da ke maƙwabtaka rangwamen haraji, abin da ya janye wasu masana'antu daga Punjab.

Ɗaya tushen kuɗin shi ne ƴan ci-rani. Iyalai da yawa na da ɗa ko ƴa a Kanada, Ingila, Amurka ko ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, wasu ma sukan sayar da gona don biyan masu safarar mutane. A watan Fabrairu na 2025, a filin jirgin Amritsar ne jiragen sojan Amurka suka sauke Indiyawan da aka koro, jirgin farko ɗauke da mutum 104.

A matakin ƙasa, alƙaluman Bankin Duniya na 2023 sun nuna abin da kowane mutum ke samarwa a shekara ya kai kimanin dala 2,500 a Indiya, kimanin dala 1,400 a Pakistan. A jerin ci gaban ɗan Adam da hukumar PNUD ta fitar a 2025, Indiya ce ta 130, Pakistan ta 168 cikin ƙasashe 193. Lahore ta fi matsakaicin ƙasarta arziki nesa ba kusa ba, saboda haka ba a ɗaukar waɗannan alƙaluma a ɗora wa biranen kai tsaye.

Sufuri cikin gari

A nan Lahore ce kan gaba. A watan Fabrairu na 2013 aka buɗe Metrobus, layin manyan motocin bas mai titinsa na kansa, tsawon kilomita 27 daga Gajjumata zuwa Shahdara. Ranar 25 ga Oktoba 2020 kuma aka buɗe Orange Line, jirgin ƙasa na cikin gari na farko a Pakistan, mai tsawon kilomita 27 da tashoshi 26. An gina shi da bashin ƙasar Sin, kan kuɗi kimanin dala miliyar 1.6. Aikin ya sha jinkiri domin kotu ta tsayar da shi a 2016 a kusa da wasu gine-ginen tarihi, ciki har da lambun Shalimar, har sai da kotun ƙoli ta ba da izini a ƙarshen 2017. Kuɗin tikiti ba ya biyan ɗawainiyar tafiyar da layukan biyu, gwamnatin lardi ce ke cikawa kowace shekara. Kuma layi biyu ba su wadatar da mutum miliyon 13: babur da adaidaita ne har yanzu ke ɗaukar mafi yawan jama'a.

Amritsar ta gwada irin wannan tsari. An soma layin bas ɗinta mai titi na musamman a ƙarshen 2016, aka kammala buɗe shi a farkon 2019, amma ya tsaya cik a 2023 bayan kamfanin da ke tafiyar da shi ya janye, tashoshi suka zauna ba kowa tsawon watanni. Aikin da ya fi fitowa fili a garin shi ne gyaran titin da ke kai wa Harmandir Sahib a 2016, inda aka hana motoci shiga, da gidan tarihin rabuwar ƙasa da aka buɗe a 2017. Tun watan Afrilu na 2021 mata ba sa biyan kuɗi a motocin bas na gwamnatin jahar.

Ruwan sha, magudana da shara

Biranen biyu sun daɗe suna sha daga rijiyoyin burtsatse, kuma a duka biyun ruwan ƙarƙashin ƙasa na ja da baya shekara bayan shekara. A Lahore dalilin ya haɗa da yawan jama'a, rufe ƙasa da siminti, da ƙafewar Ravi. Yarjejeniyar ruwan Indus ta 1960, wadda Bankin Duniya ya shiga tsakani aka ƙulla, ta ba Indiya kogunan Ravi da Beas da Sutlej, don haka ban da lokacin damina ruwan da ke isa Lahore kaɗan ne. A ɓangaren Amritsar kuwa noman shinkafa ne ke zuƙe ruwan, musamman da yake tun 1997 manoman jahar ba sa biyan kuɗin wutar da suke ja da ruwa. A 2021 Bankin Duniya ya amince da bashin da za a kawo wa Amritsar da Ludhiana ruwan da aka tace daga manyan magudanan ban-ruwa, don a sauƙaƙa wa rijiyoyin.

Ƙazamin ruwan Lahore kusan duka yana zuba cikin Ravi ba tare da tacewa ba. Wani bincike na jami'ar York ta Ingila da aka fitar a 2022, wanda ya auna koguna a ƙasashe sama da ɗari, ya samu ragowar magunguna mafi yawa a ruwan Lahore. Amritsar na da wuraren tace ƙazamin ruwa, amma ba sa ɗauke duk abin da gari ke fitarwa. Magudanar Hudiara na ɗaukar dattin gidaje da masana'antu daga yankin Amritsar, ta ƙetare iyaka, ta ƙara da na Lahore, sannan ta faɗa Ravi.

Wajen shara, Lahore ta kafa kamfani na musamman a 2010, ta kuma ba wasu kamfanonin Turkiyya kwangilar kwashewa daga 2012 zuwa 2020. Amritsar na fama da jujin Bhagtanwala da ke kusa da gidajen jama'a da kasuwar hatsi, wanda yakan kama da wuta a lokacin zafi. A ƙarshen watan Agusta na 2025 Ravi ya yi ambaliya, ya cinye ƙauyukan Ajnala a gundumar Amritsar, ya kuma shiga wasu sabbin unguwannin Lahore da aka gina a kan hanyar ruwa.

Wutar lantarki da tsadar rayuwa

A watan Mayu na 2023 hauhawar farashi a Pakistan ta kai kashi 38 cikin ɗari, mafi muni a tarihin ƙasar. Kuɗin wuta ya yi ta hawa bisa sharuɗɗan asusun ba da lamuni na duniya, FMI, har a watan Agusta na shekarar mutane suka fito suna ƙona takardun kuɗin wuta a tituna. A watan Satumba na 2024 ƙasar ta sake karɓar shirin bashin dala miliyar 7. Masu hali a Lahore sun koma ga farantan hasken rana da ake shigowa da su daga Sin, wanda ba shi da halin saye kuwa shi ke ɗaukar nauyin ƙarin farashi. A lokacin ɗari kuma iskar gas ta girki kan yi ƙaranci. Babban tallafin gwamnati shi ne shirin Benazir da aka kafa a 2008, mai ba matan gidajen talakawa kuɗi.

A Amritsar, tun watan Yuli na 2022 gidan da bai wuce kilowat 300 a wata ba ba ya biyan kuɗin wuta. Dokar wadatar abinci ta Indiya ta 2013 ta tanadi kilo 5 na hatsi ga kowane mutum a wata ga iyalan da suka cancanta, kuma a shekarun nan kyauta ake ba da shi. Waɗannan na sauƙaƙa wa magidanci, amma sun sa Punjab cikin jahohin Indiya da bashi ya fi yi wa katutu, abin da ke rage kuɗin gyaran tituna da magudana.

Ilimi da lafiya

Lahore ce cibiyar ilimin Punjab tun zamanin Turawa: makarantar likitoci ta King Edward ta 1860, Government College ta 1864, Jami'ar Punjab ta 1882, sai jami'o'i masu zaman kansu irin su LUMS. Asibitin Mayo da asibitin daji na Shaukat Khanum, wanda Imran Khan ya buɗe a 1994, na karɓar marasa lafiya daga ko'ina a ƙasar. Amritsar na da Khalsa College ta 1892, Jami'ar Guru Nanak Dev ta 1969 da makarantar likitoci ta gwamnati, amma mai neman babban aikin likita sau da yawa Chandigarh ko Delhi yake nufa.

Wajen iya karatu da rubutu gundumomin biyu sun yi kusa: kimanin kashi 77 cikin ɗari a Lahore a 2017, kimanin kashi 76 a Amritsar a 2011. Pakistan na ƙirga daga ɗan shekara 10, Indiya daga ɗan shekara 7, kuma gundumar Amritsar ta ƙunshi karkara mai yawa. A Amritsar yara na koyon Punjabi a makaranta da rubutun Gurmukhi, kuma shi ne harshen hukuma a jahar. A Lahore da haruffan Larabci ake rubuta shi, kamar ajami, amma Urdu da Ingilishi ne harsunan makaranta da ofis.

Bambancin ya fi fitowa a lafiyar yara. Binciken da aka yi a Punjab ta Pakistan a 2017 zuwa 2018 ya nuna jarirai 60 cikin 1,000 na mutuwa kafin cika shekara guda. A Punjab ta Indiya adadin bai kai 30 ba. Mace na haihuwar ƴaƴa 3.4 a matsakaici a ɓangaren Pakistan, 1.6 a ɓangaren Indiya. An ayyana Indiya ta rabu da cutar shan inna a 2014, alhali ana ta samun ƙwayar cutar a ruwan magudanan Lahore. A 2011 zazzaɓin dengue ya kashe sama da mutum 300 a lardin, yawancinsu a Lahore.

Amritsar na da nata ciwon. Ƙidayar 2011 ta samu yara mata 846 kacal ga kowane yara maza 1,000 a jahar, sakamakon fifita ɗa namiji da zubar da cikin ƴa mace duk da doka ta hana. Shaye-shayen hodar heroin ya yi wa matasan gundumomin bakin iyaka illa, kuma jami'an tsaron Indiya na yawan kama ƙananan jirage marasa matuƙi da ke jefo ƙwaya daga ƙetare.

Hazon hayaƙi

Daga watan Oktoba zuwa Janairu hazo mai hayaƙi kan rufe yankin baki ɗaya. Iska na tsayawa, sanyi ya danne hayaƙi kusa da ƙasa. Tushensa motoci ne da babura masu amfani da mai marar kyau, wuraren gasa jan bulo, masana'antu, ƙona shara, da ƙona tushiyar shinkafa da manoman ɓangarorin biyu ke yi don su samu shuka alkama da wuri. A Punjab ta Indiya dokar 2009 da ta jinkirta dashen shinkafa don tattalin ruwa ta ƙara matse kwanakin da ke tsakanin girbi da shuka.

Kamfanin IQAir mai auna iska ya sanya Lahore a matsayin birni mafi gurɓatar iska a duniya a 2022, inda ƙananan ƙwayoyin ƙura suka ninka ma'aunin hukumar lafiya ta duniya, OMS, kusan sau 20. A watan Nuwamba na 2024 ma'aunin gurɓatar ya haura 1,000, aka rufe makarantu. Amritsar na shaƙar iskar yanki ɗaya, jirage kan kasa sauka a filinta, amma da yake motocinta da masana'antunta ba su kai na Lahore ba, awonta na shekara bai kai can ba. Shugabar gwamnatin lardin Punjab ta Pakistan, Maryam Nawaz, ta yi kira a 2024 da ɓangarorin biyu su haɗa hannu kan hazon.

Ƙofar Wagah da Attari

Mashigar da ke tsakanin biranen, Wagah a ɓangaren Pakistan da Attari a ɓangaren Indiya, na da nisan kimanin kilomita 25 daga Lahore da kimanin 30 daga Amritsar. Tun 1959 sojojin ƙasashen biyu ke faretin sauke tuta a wurin da yamma, ƴan kallo na cika dandali. An sha gwada buɗe hanyar: jirgin ƙasa na Samjhauta a 1976, zuwan firaminista Vajpayee Lahore cikin motar bas a 1999, bas tsakanin Amritsar da Lahore a 2006, da sabuwar tashar duwan ta Attari a 2012, inda siminti da gishirin dutse da busasshen dabino ke shigowa daga Pakistan, tumatir da auduga ke fita.

A watan Fabrairu na 2019, bayan harin Pulwama, Indiya ta ɗora harajin kashi 200 cikin ɗari kan kayan Pakistan. A watan Agusta Pakistan ta dakatar da ciniki da jirgin ƙasa da bas bayan an soke matsayin musamman na Kashmir. Dubban ƴan dako da direbobin manyan motoci a Attari suka rasa abin yi. Bayan harin Pahalgam na 22 ga Afrilu 2025 Indiya ta rufe mashigar ta kuma jingine yarjejeniyar ruwan Indus. Daga 7 zuwa 10 ga Mayu ƙasashen biyu, masu makaman nukiliya, suka yi musayar wuta. An yi ta kashe fitilun Amritsar da dare, jirage marasa matuƙi kuma suka kai Lahore. Wani rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa cinikin ƙasashen biyu zai iya kai dala miliyar 37 a shekara, alhali a lokacin bai wuce kimanin miliyar 2 ba.

Abin da kwatancin ke nunawa

Abu na farko, kujerar mulki ce ta raba girman biranen. Lahore ta riƙe gwamnati da kasafin lardi, sai jari da jama'a suka bi ta. Amritsar ta zama ƙarshen hanya, ta koma dogaro da masu ziyara da kuɗin ƴan ci-rani. Rufe iyaka ya fi cutar da ita, domin Lahore na da babbar kasuwar cikin gida da tashar ruwan Karachi a bayanta. Ƴan kasuwar Maradi da Birnin Konni da suka ga rufe iyakar Najeriya a 2019 da 2023 sun san yadda garin bakin iyaka ke shiga idan ƙofa ta rufe. A Punjab abin ya ɗauki mafi yawan shekarun da suka biyo bayan 1947.

Na biyu, manyan gine-gine da jin daɗin gida ba lallai su tafi tare ba. Lahore na da jirgin cikin gari da gadojin sama, amma ba ta tace ƙazamin ruwanta, jarirai kuma sun fi mutuwa a lardinta. Amritsar ta kasa riƙe layin bas guda, amma magidancinta na samun hatsi da wuta da rahusa, a kan bashin da jahar za ta biya nan gaba.

Na uku, a duka biyun ikon magajin gari kaɗan ne. Manyan ayyukan Lahore gwamnatin lardi da hukumominta ne ke tsara su, kuma birnin ya yi shekaru ba shi da zaɓaɓɓun kansiloli. Amritsar na da zaɓaɓɓiyar majalisar gari, amma kuɗin manyan ayyuka daga Chandigarh da Delhi suke zuwa. Ruwan ƙasa, kogin Ravi, magudanar Hudiara da hazon hunturu kuwa sun shafi ɓangarorin biyu tare, kuma babu wata hukumar haɗin gwiwa ta biranen biyu da ke kula da su.